Wa Ke Bayan Hoton

Shafi na 19

Masu turo min saƙo tun safe cewa na bar ku a rataye, na gani, ku yi haƙuri. Wayata ce ta faɗa ruwan wanki, sai yau ta dawo hayyacinta. Ke kuma da kika ce in ban kawo yau ba za ki fita daga guruf, zauna abinki, ga shi.

*

Auta ta ɗora kwamfutarta a kan teburin guga, ta ja shi har jikin taga, don nan ne kaɗai sabis yake yarda ya tsaya a gidan. Ta saka iyafis a kunne ɗaya. Ɗayan ya daɗe da mutuwa.

Yau rukuninsu zai gabatar da aikinsa a gaban Dakta, malamin da ko lokacin da ake zuwa aji da ƙafa ba a taɓa ganin haƙoransa ba, balle yanzu da jami'a ta mayar da komai ta yanar gizo. Su huɗu ne a rukunin, ita ce shugaba. Ba ta nema ba, Dakta ne ya ɗora mata.

Tana buɗe shafin farko Umma ta ɗaga labule.

"Auta, tunda kina zaune, ɗan leƙa min tukunyar can."

"Umma, ina aji."

"Wane aji? Ba ga ki a gabana ba?"

"Yanzu za a fara."

"To kafin a fara. Yayanki da yake makaranta, da safe yake fita sai yamma, kowa ya san karatu ya je. Ke kuwa kullum kina nan kina kallon allo kamar mai jiran a haska fim."

Auta ta rufe ido. Ba ta da ƙarfin sake bayani. Kwas bakwai take ɗauka, kuma kowane malami gani yake shi kaɗai ke koyar da su. Wannan ya turo bidiyo mai tsawon tafiyar mota, wancan ya sauya lokacin aji bai gaya wa kowa ba, wani kuma ya ce a sauko da wata manhaja daban don shi ba ya son wadda kowa ke amfani da ita. Ta kwanta da saƙonni, ta tashi da saƙonni. Kwanan nan sai ta karanta layi ɗaya, ta kai ƙarshensa, ta rasa da me ya fara.

"Ina gamawa zan duba, Umma."

"Ta ƙone kenan," in ji Umma, ta saki labulen.

Wayarta ta yi ƙara. Dogo ne, ɗan rukuninsu da ke shiga aji daga shagon sayar da kayan waya na kawunsa.

"Shugaba, mutumin naki ya turo?"

"Bai turo ba."

"Na gaya miki ki cire sunansa."

"In cire, Dakta ya zaftare mana maki? Ba ka ji abin da ya ce ba? Duk rukunin da bai cika ba, kowa ya sha."

"To yanzu sashensa fa?"

"Ni na rubuta."

Dogo ya yi tsaki. "Kin ɓata shi."

"Na tura masa, na ce in an kira shi ya karanta kawai. Ko aku zai iya."

"Ya amsa?"

"An buɗe saƙon. Shi kenan."

Wanda suke magana a kansa shi ne Hoto. Sunan ya bi shi ne don tun da aka shiga zangon nan ba wanda ya ji muryarsa ko ya ga fuskarsa, sai wani hoto da ya ɗauka tun suna shekarar farko, da farar riga, yana murmushi. Abin da ya fi cin ran Auta shi ne bai taɓa fashin aji ba. Kafin malami ya shigo yana nan, sai kowa ya fita yake fita. Amma ka kira shi, shiru. Ka yi masa saƙo, a buɗe, shiru.

Kuma ba wai daƙiƙi ba ne. Da can shi ne mai tara su a ƙarƙashin bene yana warware musu lissafin da malami ya dagula. Shi ya sa ta yi murna ranar da ta ga sunansa a rukuninta. Jiya da rana haƙurinta ya ƙare, ta danna masa saƙon murya, ta zazzage masa duk abin da ke cikinta. Ta ce masa malalaci. Ta ce masa matacciyar zuciya gare shi. Ta ce iyayensa asara suke yi.

Shi ma an buɗe. Shiru.

"Ga Dakta nan ya shigo," in ji Dogo, ya kashe.

*

"Rukuni na huɗu," in ji Dakta. "Kada ku ɓata min lokaci."

Auta ta yi gyaran murya ta fara. Aikinsu a kan yadda sharar roba ke toshe magudanan ruwa ne, kuma ta san nata sashen kamar sunanta. Tana tsakiyar bayani muryar Umma ta taso daga tsakar gida.

"Auta, ina kika jefa min tsintsiya?"

Fuskokin dariya suka fara zuba a gefen allo. Ta ci gaba da bayaninta.

Dogo ya karɓa. Ya yi jimla uku masu kyau, sai aka ji wani yana cewa, "Mai shago, akwai caja mai ƙaramin baki?" Daga nan hotonsa ya daskare da baki a buɗe, ya jima a haka kafin ya dawo yana ta ba da haƙuri.

Ta uku, Maman Biyu, da jariri a kafaɗa ta yi nata. Ɗayan yana tsala kuka a bayanta, ita kuma tana gudu da kalmomi kamar wadda aka biyo.

"Saura ɗaya," in ji Dakta.

Ya kira sunan Hoto na rajista.

Shiru.

Ya sake kira.

Auta ta kafa wa hoton ido. Farar riga, murmushi. Ta ji kamar ta zura hannu cikin allon ta shaƙo shi.

"Ina ganinka," in ji Dakta. "Kullum ina ganinka. Yau kuma sai na ji ka. In ba ka buɗe makirfo ba, ku huɗun nan babu mai samun ko ɗigo."

Dogo ya rubuto mata a gefe: Mun mutu.

Sai 'yar alamar da ke jikin hoton ta motsa. Aka ji ƙarar kujera, aka ji kamar an ture gwangwani. Sannan aka ji numfashi kusa da waya.

"Salamu alaikum."

Muryar mace ce. Babbar mace.

"Malam, ka yi haƙuri. Ban sani ba ko daidai na danna. Ana ji na?"

Gefen allo ya tsaya cak. Ko masu turo fuskar dariya sun janye hannu.

"Wace ce ke?" in ji Dakta.

"Mahaifiyarsa ce."

"Ina shi?"

"Yana ɗaki."

"Kira min shi."

"Ba zai fito ba, Malam."

"Ba shi da lafiya?"

 "Yana cin abinci. Ba zazzaɓi, ba komai. Ni dai ban san sunan abin ba."

"Baiwar Allah, tun yaushe kike shiga ajina?"

"Ba naka kaɗai ba. Duka nake shiga."

Wani ya manta makirfonsa a buɗe, aka ji ya ce, "Kai."

"Ban zo da rashin kunya ba," ta ci gaba. "Na ji ka ce za ka hana yaran nan maki, su kuwa ba su yi komai ba. Yarinyar nan ta yi ƙoƙari, ina jin ta. Shi ya sa na ce bari in yi magana. In laifi ne, nawa ne."

 Hoton mai farar riga ya ɓace daga allon. Dakta ne ya fitar da ita.

"Kowa ya fita," ya ce. "Ban da shugabar rukuni."

Ɗaya bayan ɗaya suka watse, har ya rage daga ita sai shi. Ya cire tabarau ya murza ido.

"Kin sani?"

"Wallahi ban sani ba, Dakta."

"Wa ya rubuta sashensa?"

Ta kawar da kai daga allon.

"Da ke nake."

"Ni ce."

"Kika liƙa sunansa."

"Kai ka ce duk rukunin da bai cika ba..."

"Na ce ku cika. Ban ce ku yi min ƙarya ba."

"To ya zan yi, Dakta? Na kira, na yi saƙo, na roƙa. Ni ma kwas bakwai ne a kaina. Ban san ni ce zan riƙa bin mutane gida-gida ba."

Ita kanta ta ji muryarta ta ɗaga. Ta kama bakinta.

Dakta ya dube ta. "Kina zaton ni daɗi nake ji? Tun safe nake magana da baƙaƙen akwatuna. In yi tambaya, ba amsa. In yi raha, ba amsa. Ashe ma da iyayen mutane nake ta fama." Ya mayar da tabarau. "Gobe ina da aji da ku. In yaron nan bai buɗe kyamara ya kare sashen nan da bakinsa ba, ke da shi za ku gurfana gaban kwamitin ladabtarwa. Shi a kan halartar ƙarya, ke a kan aikin ƙarya."

"Dakta..."

Allon ya yi baƙi.

Ta zauna tana kallon fuskarta a cikinsa. Kwamiti. Waɗanda suka shiga gabansa bara, ɗaya aka maimaita masa shekara, ɗaya kuma ba a sake ganinsa ba. Ita da ta hana idonta barci a kan aikin wani.

Ta kira Dogo. "Ka san gidansu?"

"Na taɓa raka shi. Me za ki yi?"

"Kwatanta min kawai."

Tana saka takalmi Umma ta leƙo daga kicin. "An tashi? To tukunyar ta kama, sai ki zo ki kankare."

"Fita zan yi, Umma. Gidan wani ɗan ajinmu. Mahaifiyarsa zan gani."

"Ikon Allah. Ashe ajin naku ana zuwansa da ƙafa." Ta ƙare mata kallo, sai muryarta ta sauka. "Lafiya dai? Idonki ya yi ja."

"In na dawo zan gaya miki."

*

Gidan yana saman wani tsohon bene, bayan shagon masu buga takardu. Auta ta hau matakala tana tsara maganganun da za ta faɗa, kowace ta fi 'yar uwarta zafi.

Ta yi sallama. Wata mata ta buɗe, gajera, da tef ɗin awo a wuya.

"Ina wuni, Mama. Ni ce..."

"Na san ki. Shugaba. Muryarki na sani. Shigo, 'yata."

Falon ƙarami ne, keken ɗinki ya cinye rabinsa. A kan keken, jingine da gwangwanin zare, ga waya a tsaye, igiyar cajarta an naɗe ta da salatif. Nan ne kujerar Hoto a aji.

Auta ta zauna a bakin kujera. Duk maganganun da ta hau bene da su suka ɓace mata.

"Na jawo muku, ko?" in ji Mama.

"Ya ce gobe in bai fito ya yi magana ba, za a kai mu kwamiti. Ni da shi."

Mama ta zauna a kujerar keken a hankali.

"Mama, me ya sa? Me ya sa ba ki faɗa ba tun farko?"

"Wa zan faɗa wa? Ni ban san kowa a can ba sai muryoyi." Ta gyara zaman wayar, ko da yake ba ta karkace ba. "Wata safiya ce ya fito da ita a hannu, ya ce Mama riƙe min, in kin ga shuɗin nan na shiga aji ya fito ki danna, kaina ciwo yake, zan ɗan kwanta. Na danna. Washegari ma haka. Daga nan bai sake tambayarta ba. Ni kuma na ji ana cewa wanda bai halarta ba ba zai zauna jarrabawa ba. Sai na ce bari in riƙe masa wurin kafin ya tashi."

"Kullum?"

"Ina ɗinki ina ji. Mai maganar ƙasa da duwatsun nan yana sa ni gyangyaɗi, amma na yau ɗin, ko da yake mafaɗaci ne, ya iya bayani."

Auta ta kusa yin dariya, sai wani abu ya faɗo mata. 

"Saƙonnin da nake turowa..."

"Ni nake buɗewa. Na rubutu ba na ganewa sosai, da Turanci kuke yi. Na murya kuwa ina ji."

"Har na jiya?"

"Har shi."

Auta ta sunkuyar da kai. "Mama, ki yafe min. Raina ne ya ɓaci."

"Kina da gaskiyarki, an bar ki da kaya. Abu ɗaya ne kawai ban yarda da shi ba. Ba asara muke yi ba." Ta faɗe shi ba tare da ɗaga murya ba. "Ban bari ya ji ba. Na goge."

"Abbansa ya sani?"

"Direban babbar mota ne, ya fi zama a hanya. In ya kira sai in ce yana aji. Ai ban yi ƙarya ba, sunansa yana aji." Ta kalli wata ƙofa da ke ƙarshen falon. "Duk garejin da ya tsaya sai ya gaya musu ɗansa yana jami'a. Tun yana ƙarami yake ce masa Farfesa. Da wane bakin zan fara?"

Auta ta miƙe. "A nan yake?"

"Ba ya buɗewa sai zai karɓi abinci."

Ta je ta ƙwanƙwasa. Shiru. Ta sake, da ƙarfi.

"Na san kana ji na. Ni ce."

Shiru.

"Ka san abin da ya faru yau? Mahaifiyarka ce ta tsaya gaban aji guda tana ba da haƙuri a madadinka. Kowa ya ji. Kai kana nan kwance."

Aka ji motsin katifa. Sannan murya ta fito, a dishe, kamar wadda aka daɗe ba a yi amfani da ita ba.

"Na ji. Bangon ba kauri."

"Ka ji, kuma ba ka fito ba?"

"Ki cire sunana."

"Ai ya wuce nan. Gobe in ba ka yi magana ba, har ni za a kora."

"Ban ce ki rubuta min ba."

Auta ta ji wani abu ya hau mata kai. "Ba ka ce ba? To me ka ce? Ka taɓa cewa komai? Da ka buɗe baki sau ɗaya ka ce ba za ka iya ba, ai da na san inda na dosa."

"Ba za ki gane ba."

"Gwada ni."

 Mama ta tsaya a bayan Auta, ta riƙe bakin tef ɗin awonta da hannu biyu.

"Ba wani abu ne ya faru ba," ya ce. "Shi ne abin kunyar. Da mota ce ta buge ni, da kowa ya gane. Wata rana na buɗe wayar, na ga abubuwa sun taru. Na ce bari in fara da na sama. Kafin in gama karanta shi wasu sun shigo. Na koma na saman, na karanta, na sake karantawa, na kasa gane me yake cewa. Ni. Ni da nake tara mutane ina koya musu."

"Sai ka kwanta."

"Na ce in huta yau, gobe in rama. Goben ta zo, abin ya ninka. Yanzu ko ƙarar saƙo na ji daga falo, ƙirjina bugawa yake. Da a aji ne, in na ga fuskar wani bai gane ba, sai in ji ina son in gane don in gaya masa. A nan wa nake yi wa? Allo?"

"Kana jin mu namu kan fanko ne?" in ji Auta. "Dogo yana sayar da caja yana gabatarwa. Maman Biyu da jariri a kafaɗa. Ni a kan teburin guga nake karatu, ana tambayata tsintsiya. Layin da ka ce kana karantawa ba ka ganewa, ni ma haka nake yi, kullum. Jiya na zuba ruwan shayi a kofi na tsaya ina kallonsa, na rasa me ake sakawa. Ba wanda yake lafiya a cikinmu. Kai dai ka samu mai danna maka."

"To kin fi ni."

"Ban zo gasa ba. Na zo ne don ba zan maimaita shekara a kan barcinka ba."

Shiru.

Ta ciro wayarta, ta zauna daɓas a ƙasa, ta jingina da ƙofar. "Shi kenan. Tunda ba ka karanta ba, ni zan karanta maka. Ko ka so ko ka ƙi, sai ya shiga kunnenka."

Ta buɗe sashen ta fara, da ƙarfi, da gayya, kamar mai karanta wa kurma. Ta wuce gabatarwa. Ta shiga lissafin yawan ruwan da bututun magudana zai iya ɗauka in shara ta cinye rabinsa. Tana cikin jero lambobi muryar ta katse ta.

"Tsaya."

Ta tsaya.

"Maimaita na ƙarshen."

Ta maimaita.

"Ba haka ba ne."

"Me ne ba haka ba?"

"Kin ɗauki faɗin bututun gaba ɗaya. Rabinsa ake ɗauka. Amsarki ta ninka sau huɗu. In haka ne ai garin ba zai taɓa ambaliya ba."

Auta ta kalli lambobin. Ta sake kallo. Gaskiyarsa ne, kuma hakan ya ƙara ba ta haushi.

"Da wannan za ki tura ni gaban Dakta? Ai da ya yanka ni."

"To fito ka gyara, tunda ka iya."

"Turo ta ƙarƙashin ƙofa."

"Wayar tawa? Ba ta wucewa. In kana so, buɗe."

Ba ta zaci komai ba, har ta sa yatsa za ta ci gaba da karatu. Sai ta ji sakata ta motsa. Ƙofar ta ja baya, ta kusa faɗawa ciki.

Ta ɗaga kai. Ba don murya ba da ba ta gane shi ba. Ya rame, suma ta cika masa kai, rigar jikinsa ta yamutse. Yana ƙifta ido saboda hasken falo. Babu abin da ya haɗa shi da mai farar rigar nan sai hanci.

Mama ta juya da sauri tana gyara zaren da ba ya buƙatar gyara.

"Kawo," ya ce, ya miƙo hannu. 

Ta ba shi. Ya durƙusa a bakin ƙofar yana jan shafin da yatsa. "Nan ma. Wa ya ce ki zagaye lambar tun a nan? A ƙarshe ake yi. Mama, akwai biro?"

"Akwai allin ɗinki."

"Kawo shi haka."

Tana miƙa masa allin aka ji takun mutum a matakala, mai nauyi, ana hawa ana waƙa ƙasa-ƙasa. Hannun Mama ya tsaya a iska.

"Ba yau ya ce zai dawo ba," ta faɗa a hankali.

Aka turo ƙofa da ƙafa. Wani babban mutum ya shigo, jaka a kafaɗa, leda a kowane hannu, fuskarsa duk gajiyar hanya amma yana washe baki.

"Salamu alaikum, mutanen gida. An sauke mana kaya da wuri, na ce me zan zauna yi? Ina Farfesa? Ko yana aji in yi shiru?"

Sai ya gan su. Ɗansa a durƙushe a ƙasa da alli, baƙuwar yarinya a gefe. Murmushin ya ɗan ragu da ya ƙare wa yaron kallo.

"Kai, haka karatun ya cinye ka? Ko aski ba ka samun yi?" Ya juya ga Auta. "Wannan fa?"

"'Yar ajinsu ce," in ji Mama da sauri. "Shugabarsu. Aiki suke yi."

"Madalla, madalla. Sannu 'yata." Ya ajiye ledojin a kan kujera. "Gara da na same ki. Shi in na tambaye shi a waya ba ya samuwa, uwarsa kuma kullum lafiya lau take ce min. Ke da kike ganinsa a aji, gaya min tsakaninki da Allah. Yaya ƙoƙarin yarona?"

A bayansa Mama ta haɗa tafukanta biyu a ƙirji, tana girgiza wa Auta kai a hankali.

Auta ta buɗe baki. Ba ta san me zai fito ba.

"Abba."

Hoto ne. Ya ajiye allin a ƙasa, ya dafa bango ya miƙe tsaye.

"Ba ita za ka tambaya ba. Ni za ka tambaya."

Abba ya kalli ɗansa. Ya waiwaya ya kalli matarsa, ya ga hannuwanta kafin ta sauke su. Murmushin ya gama barin fuskarsa.

Ya zame jakar daga kafaɗarsa, ya ajiye ta a ƙasa, ya mayar da ƙofa ya rufe.

"To," ya ce. "Ina ji."